Makarantun yarjejeniya a Amurka: dama ta biyu ga matasan da karatu ya suɓuce musu

A Amurka akwai wasu makarantu da gwamnati ke biyan kuɗinsu amma ba ita ke tafiyar da su ba. A Ingilishi ana ce musu "charter", wato makarantun yarjejeniya. Wani rukuni daga cikinsu ya keɓe kansa ga matasan sakandare da suka bar karatu ko suke dab da barinsa, da masu son fita da sana'a a hannu. Sakandaren da ake nufi ta shekara huɗu ce, aji 9 zuwa 12, kusan daidai da ajin ƙarshe na kwaleji da shekaru uku na lise a tsarin Nijar.

Yadda tsarin yake

Ƙungiyar malamai, ko ta iyaye, ko wata ƙungiya mai zaman kanta ce ke neman izini daga hukumar ilimi ta gunduma ko ta jiha, a wasu jihohin kuma daga jami'a. In an amince, sai a rattaba hannu kan yarjejeniya, galibi ta shekara biyar. Makarantar na samun kuɗi gwargwadon yawan ɗalibanta, iyaye ba sa biyan kuɗin karatu, kuma idan masu nema suka fi guraben da ke akwai, ƙuri'a ake jefawa. Tana da ƴancin tsara lokutan darasi da ɗaukar malamai fiye da makarantar gwamnati da aka saba. Ladan wannan ƴanci shi ne sakamako: in ba ta cika alƙawarin da ta ɗauka ba, ana iya ƙwace izinin a rufe ta.

Asalinsu

Wani malamin jami'a a jihar Masacusets, Ray Budde, shi ne ya fara kawo shawarar a shekarun 1970. A 1988 shugaban wata babbar ƙungiyar ƙwadagon malamai, Albert Shanker, ya yayata ta. Jihar Minesota ta kafa dokar farko a 1991, Kalifoniya ta bi sahu a 1992. Makarantar farko da ta buɗe ƙofa, City Academy a birnin Saint Paul a 1992, an yi ta ne musamman domin matasan da suka daina zuwa makaranta. A yau jihohi fiye da 40 na da irin wannan doka, ɗaliban kuma sun haura miliyan 3, amma masu kula da waɗanda suka bar karatu kaso ne ƙarami a cikin makarantun.

Su wa ke zuwa, me ake koya musu

Ɗaliban sun haɗa da ƴan mata da suka haihu suna makaranta, da samarin da ke aiki don tallafa wa gida, da marasa matsuguni, da waɗanda aka kora ko suka taɓa shiga hannun hukuma, da baƙin da ba su iya Ingilishi ba tukuna. A Amurka takardar kammala sakandare ba ta rataya ga jarrabawa guda irin ta Bak ba. Ɗalibi na tara maki ne darasi bayan darasi har su cika. Wanda ya faɗi darussa da dama yakan ga sa'o'insa sun yi masa nisa, sai ya yanke ƙauna. Aikin farko na waɗannan makarantu shi ne cike wannan giɓi: ajujuwa ƙanana, zaɓin zuwa da safe ko da yamma, darussa ta kwamfuta da kowa ke bi daidai ƙarfinsa, da mai ba da shawara da ke bibiyar duk wanda aka daina gani.

Aiki na biyu shi ne sana'a: gini, walda, kanikanci, aikin jinya, dafa abinci, gyaran kwamfuta. A makarantar YouthBuild ta Filadelfiya, ɗalibai na raba lokacinsu tsakanin aji da wurin aiki, inda wasunsu ke gyara tsofaffin gidaje domin masu ƙaramin ƙarfi. A Indiyanapolis, ƙungiyar Goodwill ta buɗe Excel Center a 2010 domin manya da suka wuce shekarun makaranta, tare da wurin rainon yara kyauta, don uwa ta samu zama a aji.

Inda gizo ke saƙa

Tunda kuɗi na bin kan ɗalibi, akwai kwaɗayin rubuta sunayen waɗanda ba sa zuwa. A jihar Ohayo, wata babbar makarantar intanet mai suna ECOT ta rufe a watan Janairun 2018, ana tsakiyar shekarar karatu, bayan jihar ta nemi ta mayar da kusan dala miliyan 80 na ɗaliban da ta kasa nuna sun yi karatu. Ɗalibai wajen dubu 12 suka koma neman wata makaranta. A 2017 kuma, binciken kafar labarai ta ProPublica a birnin Orlando na jihar Fulorida ya nuna yadda wasu sakandaren gwamnati ke tura ɗalibansu masu rauni zuwa irin waɗannan makarantu, abin da ke gyara alƙaluman masu turawar.

Ma'aunin ma kansa abin gardama ne. Gwamnatin tarayya na ƙirga waɗanda suka kammala cikin shekara huɗu, alhali ɗalibin da ya iso yana ɗan shekara 18 da makin aji ɗaya kacal ba zai taɓa shiga wannan lissafi ba, ko da ya gama daga baya. Shi ya sa jihohi irin su Ohayo da Teksas ke auna waɗannan makarantu da ma'auni na daban, suna duba masu kammalawa cikin ƙarin shekaru. Masu suka na cewa sassaucin na iya zama mafaka ga makarantar da ba ta koyar da komai. Masu goyon baya na cewa in babu shi, ba wanda zai yarda ya karɓi ɗalibin da kowa ya sallama.