Gida a gabas, aiki a yamma: tarihin Legas da hukumominta na gidaje da sufuri

Duk wanda ya taɓa zuwa bida Legas, daga Tawa ne ko Maraɗi ko Damagaram, ya san abu guda: kafin asuba mutane sun riga sun cika tasha. Mutum ya kwana Agege, aikinsa na cikin tsibiri, sai ya kashe awa biyu ko uku a hanya, da dare kuma haka. Wannan wahala tana da tarihi, kuma tarihin na hukumomi ne da aka yi ta kafawa, ana haɗewa, ana rabawa.

Abin ya faro tun zamanin Turawan Ingila. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa tsibirin Legas, inda gidaje suke cunkushe. Shi ya sa a 1928 aka kafa hukumar raya birni da ake kira LEDB, aka ba ta ikon rushe unguwanni da sake tsara su. Daga 1955 ta shiga rusau a tsakiyar tsibirin, ta kwashe mutane zuwa sabbin gidaje a Surulere. Gidajen sun fi na da tsabta, ba gardama. Amma yawancin waɗanda aka kwashe ƴan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, abokan cinikinsu na can tsibiri. Kuɗin mota ya shiga cinye ɗan abin da suke samu, wasu suka bar sabbin gidajen suka koma raɓe kusa da kasuwa. Hukumar ta gina ɗaki, ba ta tambayi yadda mai ɗakin zai kai wurin neman abincinsa ba.

An ƙirƙiro jahar Legas a 1967. A 1972, lokacin gwamna Mobolaji Johnson, aka haɗe LEDB da hukumomin tsara gari na Ikeja da Epe suka zama hukuma guda, LSDPC. Wannan garambawul ya tattara aikin gidaje wuri ɗaya, sai dai sufuri ya tsaya a hannun wasu ma'aikatu dabam, wasu na jaha, wasu na tarayya, tunda a lokacin Legas ce babban birnin Najeriya.

Wanda ya fara ɗaukar abubuwan biyu a matsayin aiki guda shi ne Lateef Jakande, ɗan jarida da ya zama gwamna a watan Oktoba 1979. Cikin shekara huɗu ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin, Iponri, Isolo, Abesan, Iba da wasu wurare. Har yau mutane suna ce musu gidajen Jakande. Ya kuma san waɗannan unguwanni nesa suke da cikin gari, don haka ya sa jiragen ruwa na fasinja tsakanin Mile 2 da Marina, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Faransa su gina jirgin ƙasa na cikin birni daga Marina zuwa Agege. An aza harsashin aikin a 1983.

To, ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka yi juyin mulki. A 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta soke kwangilar jirgin, a lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi, bashi ya yi wa ƙasar katutu. Asarar da soke kwangilar ta jawo ana ƙiyasta ta dala miliyan 78, ba tare da an ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Birnin Alƙahira, wanda shi ma Faransawa ke yi wa irin wannan aiki, ya buɗe nasa layin a 1987. Gidajen Jakande suka tsaya, mutane suka cika su, jirgin da zai ɗauke su babu. Motocin molue da danfo suka cike giɓin, daga baya kabu-kabu, wanda su ke ce wa okada.

A watan Yuli 1990 aka maimaita kuskuren Surulere, wannan karon da muni. Gwamnan soja Raji Rasaki ya rushe unguwar Maroko, inda ake ƙiyasta mutum dubu 300 ke zaune, da yawansu masu aiki ne a gidaje da ofisoshin Ikoyi da Victoria Island. Kaɗan ne aka ba matsuguni a Ilasan da Ikota da Epe, a gidajen da ba a ma gama ba. Sauran kowa ya kama gabansa.

Gyaran da ya yi tasiri ya zo a 2002, zamanin gwamna Bola Tinubu. Kafin nan hukumomi barkatai ne ke da hannu a harkar hanya da motoci, kowace na jan nata. Da tallafin Bankin Duniya aka kafa LAMATA, aka ba ta tsara sufurin birnin gaba ɗaya. A watan Maris 2008, lokacin gwamna Babatunde Fashola, ta buɗe layin manyan bas masu hanyarsu ta kansu, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Dabarar da ta yi ita ce ta jawo ƙungiyar direbobi cikin aikin, ba ta kore su ba. Jirgin ƙasa kuwa sai watan Satumba 2023 ya fara ɗaukar fasinja, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, shekara 40 cif bayan harsashin Jakande. Shi bai gani ba, ya rasu a Fabrairu 2021. Layi na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa Agege, an buɗe shi a 2024.

Duk da haka ba a gama ba. Ma'aikatar gidaje dabam, ta sufuri dabam, ta tsara gari dabam. Yankin Lekki ya cika da sabbin gidaje alhali babbar hanya guda ce ke ɗauke da mafi yawan motocinsa. Da gwamnati ta hana kabu-kabu a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, ƴan arewa da ƴan uwanmu na Nijar da yawa ne suka rasa sana'a, fasinjojinsu kuma suka koma tafiya a ƙasa.

Mu ma nan abin ya shafe mu. A Yamai da Maraɗi ana ta yanka parsel a bayan gari, mutum ya yi shekaru yana tara jikkuna ya gina, sannan ya tarar ba kwalta, ba motar haya, kuɗin kabu-kabu na wata ya kusa kuɗin hayar da ya gudo wa. Ranar da aka sanar da sabon rabon filaye a garinku, ku tambayi magajin gari ta ina hanya za ta bi, wace mota za ta shiga unguwar, kuma wace hukuma ce ta ɗauki nauyin hakan a rubuce. In kuna da wanda ya zauna Legas a waɗannan shekaru, ku tambaye shi ya ba ku nasa labarin. Allah ya sa mu dace.