Albashi da Kuɗin Cefane a Tsofaffin Jaridun Duwala

Wanda ya buɗe jaridun Duwala na zamanin Faransawa, irin su L'Éveil du Cameroun, zai sha labarin jiragen ruwan da suka iso kogin Wuri, da farashin koko da manja, da tallan manyan kantuna irin na CFAO da SCOA. Abin da lebura ke iya saye da ladan yininsa kuwa, sai an tona. Jarida ce ta Turawa 'yan kasuwa da masu gandu, su ke rubutawa su ke karantawa, masu dakon buhunan kuma suna can unguwar New Bell.

Ita kanta unguwar ƙwace ne ya haife ta. Daga 1910 Jamusawa suka ƙudura tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin ruwa, su mayar da su bayan gari, wato New Bell, a bar filin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Da Faransawa suka karɓi gari a 1916, mutanen Bell suka fi karkata ga zama a unguwar Bali, New Bell ta zama ta baƙi: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya, da Hausawa masu goro da shanu da fawa.

Su Hausawan ba su cika aikin albashi ba, amma cinikinsu a kansa ya rataya. Ranar da aka biya leburorin reluwe da na tashar jirgin ruwa, mahauci ya ga ciniki, mai tsire ya kai dare yana fifita wuta. In wata ya yi nisa, sai kashin nama ya ƙanƙance, bashi ya yi yawa. Sun riga kowane ɗan jarida sanin halin da aljihun gari ke ciki, sai dai ba mai tambayarsu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fasa ƙwai. Tun da Leclerc, wakilin De Gaulle, ya sauka Duwala a Agustan 1940, Kamaru ta bi De Gaulle, kaya suka yi wuya, farashi ya yi tashin gwauron zabo, albashi yana nan inda yake. A 1944 aka halatta ƙungiyoyin ƙwadago, aka kafa tarayyarsu, USCC. Cikin Satumban 1945 ma'aikatan reluwe na Bonaberi suka ajiye aiki suna neman ƙari, matasan New Bell marasa aikin yi suka fito titi, Turawan gari suka ɗauki bindigogi suka buɗe wuta. Hukuma ta ƙidaya gawa ƙasa da goma, masana tarihi na ganin sun fi haka nesa ba kusa ba. Abin takaici ne a ce sai da jini ya zuba kafin kukan lebura ya isa shafin jarida.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. An ƙirƙiro kuɗin sefa a Disamban 1945, aka soke aikin tilas a 1946, jam'iyyar UPC ta kafu a Duwala a 1948 da jaridarta La Voix du Cameroun, inda talaka ya samu mai magana da yawunsa. A 1955 La Presse du Cameroun ta fara fitowa kullum.

Rigimar albashi da tsadar rayuwa ba ta mutu ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Fabrairun 2008 yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama boren tsadar rayuwa, daga Duwala ya bazu. Gwamnati ta ƙara wa ma'aikatanta kashi 15 cikin ɗari, ta ɗage harajin shigo da shinkafa da kifi da fulawa, mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 28,216, sannan 36,270 a 2014. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta kai ga yaron mahauci ko mai turin baro a Kasuwar Kongo, domin ladansu yarjejeniyar baka ce tsakaninsu da maigida.