Filin Wasa a Matsayin Taskar Tarihi: Hujjar Yin Fim kan Wasannin Hausawan Rufa'a da Jazira

Tsakure

Wannan maƙala tana kafa hujja cewa tarihin wasanni a ƙauyukan Hausawa na Rufa'a da Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu ya cancanci a yi masa finafinan tarihi, kuma a gaggauta. Dalili shi ne, a filin wasa ne al'ummar da aka daɗe ana yi wa kallon baƙi ta fi bayyana cewa ta zauna, kuma akasarin shaidar hakan tana cikin ƙirazan dattawan da yaƙi ya tarwatsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi rubuce-rubucen masana kan Hausawan Sudan zai ga hankalinsu ya fi karkata ga abubuwa uku: hanyar hajji, ƙwadago da harshe. Umar al-Naqar ya yi nazarin al'adar hajjin mutanen Afirka ta Yamma a 1972. Mark Duffield ya rubuta littafi kan tattalin arzikin garin Mai Wurno a 1981. Bawa Yamba ya fito da nasa a 1995 kan mahajjatan da suka yi zamani bayan zamani a Sudan suna ɗaukar kansu matafiya. Al-Amin Abu-Manga kuwa ya nuna a 1999 yadda Hausar Sudan take cuɗanya da Larabci. Ayyuka ne masu daraja. Sai dai Bahaushen da ke cikinsu mahajjaci ne, ko ɗan ƙwadago, ko almajiri. Da wuya a gan shi bayan la'asar, ya ajiye fartanya ya nufi fili, yara suna ihun sunansa. Wannan giɓi ne babba, domin abin da mutane suke yi a lokacin da ba wanda ya tilasta musu shi ne yake fallasa yadda suke ganin kansu.

Yadda aka zo, da yadda aka zauna

Hanyar gabas tsohuwa ce, amma ta cika maƙil bayan Turawa sun ci daular Sakkwato. A Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka kafa gari kusa da Sinnar wanda yake ɗauke da sunansa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun audugar Jazira, sai buƙatar hannaye ta jawo ƙarin dubban mutane. Wasu suka zauna a unguwannin Wad Madani, wasu a sansanonin 'yan ƙwadago da ake kira kanabi, wasu suka kafa ƙauyuka a bakin kogi suna su da noman lambu. Rufa'a tana gabashin Shuɗin Nilu, tana fuskantar Hasahisa. Gari ne da ya yi suna da ilimi tun da Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a cikinsa a 1907, kuma masana'antar sukari ta Junaid da ta fara aiki a 1962 tana kusa da shi.

Doka ba ta yi musu maraba yadda gona ta yi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa mutum ko kakanninsa maza su kasance mazauna Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Duk wanda ya iso bayan Burmi ya faɗa waje, ko da a Jazira aka binne cibiyar 'ya'yansa. An sassauta sharaɗin daga baya, amma tabon ya daɗe. A cikin wannan hali ne ya kamata a karanta labaran wasanni uku da ke tafe.

Labari na farko: wasannin da suka biyo ayari

A ƙasar Hausa kokawa da dambe wasannin kaka ne. Idan an kai amfanin gona rumbu, samari su fita gari-gari, makaɗa na biye. Dambe ya samo asali a wurin mahauta. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare, ɗaya hannun ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Kafin a gwabza sai ya tsaya gaban kalangu ya yi kirari, jikinsa na tsuma, mata na guɗa. Wasan bai cika ba sai da makaɗi da maroƙi da 'yan kallo masu kari.

Duk wannan tsari ya ci karo da abubuwa biyu a gaɓar Nilu. Na ɗaya, shugabannin hijira magadan jihadi ne, kuma malaman jihadi sun tsananta kan kiɗan banza da cakuɗar maza da mata a dandali. Na biyu, kalandar aiki ta juye. Watannin sanyi da ake hutawa a Katsina ko Gobir su ne lokacin tsinkar auduga a Jazira, daga Janairu har zuwa bazara. Saurayin da ya wuni a sunkuye cikin gona yana cika buhu, da wane ƙarfi zai shiga fage? Ga kuma maƙwabta da nasu wasannin jarumta: Nuba da kokawarsu da ta shahara, Larabawan kogi da buɗan, wato bulalar da samari suke jurewa a wurin biki, Fulani da sharo. Aikin fim na farko shi ne ya zauna da dattawa ƙauye-ƙauye ya bi sawun kowane wasa: wanne ya rayu, wanne ya sauya kama, wanne ya koma labari, kuma wa ya hana, wa ya ɗaure gindi. Amsar za ta faɗa mana yadda addini da ƙwadago suka sassaƙa al'adar Hausawa a gabas.

Labari na biyu: daga ƙwallon safa zuwa nadi

Ƙwallon ƙafa a Sudan daga ƙasa ya tsiro. Yaro yakan samu tsohuwar safa, ya cusa mata tsummoki ko auduga, ya murɗe bakin, ya juya ragowar a kanta, ya sake murɗewa har ta yi tauri, sannan a ɗinke. Duwatsu biyu ko takalma su zama raga. Ƙasar Jazira baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ta kama yatsan ƙafa, da damina ta yi danƙo ta riƙe ƙwallo. Wannan wasa na unguwa, wanda ba alƙali ba rajista, shi Sudanawa suke kira dafuri, kuma a nan ɗan Bahaushe da ɗan Shukuriyya da ɗan Darfur suke haɗuwa ba mai tambayar takardar wani. Daga dafuri ake hawa zuwa ƙungiyoyin matasa, zuwa gasar dare ta watan azumi, zuwa nadi, wato kulob na gari, wanda a ƙauyukan Jazira yake zama zauren taro da wurin sauraren rediyo da kallon talabijin.

A nan hujjata ta fi ƙarfi. Yamba ya nuna cewa da yawa daga mutanen nan suna kiran kansu masu kan hanya, har ba sa son gina abin da zai ɗaure su. To ranar da samarin ƙauye suka yi karo-karo suka sayi riguna masu launi ɗaya, suka share fili, suka raɗa wa ƙungiyarsu suna, suka je a rubuta ta a ofishin hukumar ƙwallo ta yanki, sun yi shelar zama ne, ko iyayensu sun yarda ko ba su yarda ba. Matafiyi ba ya shiga gasar da za a sake bugawa baɗi. Saboda haka tarihin kafa kowane nadi a ƙauyen Hausawa tarihin sauyin tunani ne tsakanin uba da ɗa. Kuma tunda hawa sama a ƙwallo yana buƙatar katin rajista, wakiltar ƙasa kuma yana buƙatar shaidar zama ɗan ƙasa, dole fim ya tambayi tsofaffin 'yan wasa inda takarda ta tsayar da su da inda ƙafa ta wuce da su. Haka nan ya tambaye su yadda suka ji a 1976, lokacin da Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe kulob-kulob da sunan mayar da wasanni hannun talakawa.

Labari na uku: ranaku biyu da suka gwada zukata

Sudan tana da gurbi na musamman a tarihin ƙwallon Afirka. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon nahiyar a Fabrairun 1957, a can kuma aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko. A 1970 gasar ta dawo, aka raba ta tsakanin Khartum da Wad Madani. Rukunin Gana da Masar da Gini da Kongo-Kinshasa a Madani ya buga, wato a tsakiyar ƙasar auduga, inda mutumin Rufa'a zai iya zuwa ya dawo a wuni guda. Sudan ta ci Gana ɗaya da nema a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin, wanda har yau shi ne tilo a hannunta. An sha ba da wannan labari daga bakin 'yan wasa da jami'ai na babban birni. Bayar da shi daga bakin ɗan ƙwadagon da ya bar gona ya je ya ga 'yan Afirka ta Yamma suna taka leda a garinsu zai zama sabon abu.

Rana ta biyu ita ce ta 1989, lokacin da Al-Merrikh ta Umdurman ta kara da Bendel United ta Nijeriya a wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka, wanda Sudanawa suke kira kofin Mandela, ta yi nasara da ci ɗaya a wasanni biyu. A gaban rediyon nadi, jikan mutumin Kano ko Haɗeja wa ya goya wa baya? Mai son Al-Hilal, abokiyar hamayyar Merrikh ta har abada, ina ya sa zuciyarsa? Tambaya ce da takardar ƙidaya ba za ta amsa ba. Idan dattijo ya amsa ta a gaban kyamara, da dariyarsa da jinkirinsa da harshen da ya zaɓa, Hausa ko Larabci, an samu shaidar da ta fi shafuka masu yawa.

Me ya sa sai fim

Wasa a jiki yake. Kamun kokawa, salon kirari, yadda tsoho yake miƙewa ya kwatanta bugun da ya ci gasa da shi, alƙalami ba ya kama su. Mun kuma ga abin da naɗar sauti da hoto take yi wa suna. Ɗan dambe Shago ya rayu a bakin Hausawa saboda waƙar Ɗan Anace ta shiga faifai. Kokawar Nijar ta zama abin alfaharin ƙasa tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, rediyo da talabijin suna kai ta kowane gida. A Sudan ma, mawaƙiya A'isha Falatiya, 'yar mutanen ƙasar Sakkwato, ta shiga tarihin ƙasa ne ta ƙofar Rediyon Umdurman. Fim ɗin Marwa Zein na 2019, Khartoum Offside, ya nuna cewa labarin 'yan mata masu buga ƙwallo zai iya ɗaukar nauyin labarin ƙasa baki ɗaya. Gwanin ƙauye da ba a naɗa ba, yana mutuwa sunansa ya bi shi.

Ƙorafe-ƙorafe da amsarsu

Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya. Tun 15 ga Afrilun 2023 Sudan take cikin yaƙi. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojan ƙasar, sun kama Wad Madani a Disambar 2023, a Oktoban 2024 kuma hare-hare a gabashin Jazira, har da Rufa'a da Tambul da Hilaliya, suka raba fiye da mutum 100,000 da gidajensu. Soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, sannan aka samu rahotannin kai farmaki kan mazauna kanabi. Wannan ƙorafi yana da nauyi, amma ni a ganina dalilin gaggawa ne. Kofuna da hotuna da littattafan rajista na nadi suna cikin gidajen da aka wawashe. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar ƙasa take, ya zama fagen daga har zuwa Maris 2024. Abin da ya saura shi ne mutane, kuma suna warwatse a Gadarif da Kasala da sauran wurare, tsofaffinsu na ƙarewa.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi: ware Hausawa a fim zai iya ƙarfafa masu cewa su baƙi ne. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, a kan wannan magana ta ƙasa da sarauta ya tashi. Amsa tana cikin yadda za a yi aikin. Ba a buga ƙwallo da ƙungiya ɗaya. Fim na gaskiya zai nuna abokan karawa da maƙwabta, ya ji ta bakinsu, ya nuna fili ɗaya da aka yi shekaru ana rabawa. Irin wannan shaida tana rushe zancen baƙunta ne.

Kammalawa

Aikin ba ya buƙatar jiran babban jari. Matasan ƙauyukan da kansu, da waya mai kyamara da horo kaɗan, za su iya fara naɗar hira da iyayensu cikin ladabin da aka saba, a nemi izinin Baba ko Hajiya, a bar su su yi magana da harshen da ya zo bakinsu. A tambayi mata su ma, domin su ne masu guɗa da masu sayar da abinci a bakin fili, kuma sukan riƙe sunaye da shekaru. A ɗauki hoton kowane kati da kowane kofi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, da Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya ta Jami'ar Khartum, suna da ƙwarewar da za su tsara wannan taska, masu shirya fim na Kano kuma suna da kayan aiki da kasuwa. Mutanen da suka noma audugar Jazira shekara ɗari suna da haƙƙin a rubuta su cikin tarihin ƙasarsu da farin cikinsu da gwanintarsu, kuma waɗanda za su ba da shaidar suna raye a yau. A fara da su.