Abdulmumin Jibrin Ƙofa da Rigimar Kasafin Kuɗi

A kudancin Kano akwai ƙasashe huɗu masu maƙwabtaka da juna, watau Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa. Bebeji tsohon gari ne na fatake. Nan aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877, a ƙasarta kuma Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga. Ta wajen Doguwa kuwa ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Tsarin zaɓe ya haɗa ƙasashen nan biyu biyu. Ƙiru da Bebeji su kan aika da wakili ɗaya zuwa Majalisar Wakilai ta Tarayya, mai kujeru 360, Tudun Wada da Doguwa su aika da ɗaya. Cikin waɗanda suka riƙe kujerar Ƙiru da Bebeji, ba wanda sunansa ya kai na Abdulmumin Jibrin tashi, dalili kuwa shi ne wata rigima da ya tayar a kan dukiyar jama'a.

An haife shi cikin 1976, asalinsa mutumin Ƙofa ne, a ƙasar Bebeji. Ya yi karatun ilmin siyasa a Jami'ar Abuja, ya taɓa kasuwanci, sa'an nan cikin 2011 ya tsaya zaɓe a jam'iyyar PDP, ya ci. Ko da ya ke sabon shiga ne, Kakakin Majalisa, Aminu Waziri Tambuwal, ya ba shi shugabancin Kwamitin Kuɗi. A nan jama'a suka fara sanin halinsa, cikin Disamba 2013, sa'ad da kwamitinsa ya miƙa wa Ministar Kuɗi, Ngozi Okonjo-Iweala, tambayoyi 50 a kan tattalin arzikin ƙasa, ya ce ta tafi ta kawo amsa a rubuce. Da Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya koma APC a ƙarshen 2013, shi ma ya bi, a cikinta kuma ya sake cin zaɓe cikin 2015.

Ran 9 ga Yuni 2015 aka yi zaɓen Kakaki. Shugabannin APC suna son Femi Gbajabiamila, amma Yakubu Dogara ya kayar da shi da ƙuri'a 182, shi yana da 174. Jibrin na cikin manyan waɗanda suka tsaya wa Dogara, sabo da haka aka saka masa da Kwamitin Kasafin Kuɗi, wanda duk kuɗin da Gwamnati za ta kashe sai ya bi ta hannunsa.

To, kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai a waiwayi asalin al'adar. A Majalisar Ingila, inda wakilan Sikotilan su ma su ke zama tun 1707, doka ce tun dā cewa wakili ba shi da ikon kawo shawarar ƙara kashe kuɗin ƙasa sai Gwamnati ce ta nema. Aikinsa ya yarda, ko ya ƙi, ko ya rage. Wannan tsari Nijeriya ta gada cikin 1960. Amma cikin 1979 sai aka ɗauko tsarin Amurka, inda Majalisa ke da hannu mai ƙarfi a kan kasafi, aka kuma maimaita shi cikin tsarin mulkin 1999. Shugaban Ƙasa shi ke kawo ƙiyasi, amma ko kwabo ba ya fita sai da izinin Majalisa. Tun daga nan gardama ta tashi: shin izinin nan ya haɗa da wakilai su shigar da ayyukan da suka ga dama? Har ya zama al'ada kowace shekara a keɓe naira biliyan 100 don ayyukan mazaɓu, kamar rijiyoyin burtsatse da ajujuwan makaranta, wakilai su raba tsakaninsu.

Kasafin 2016, na farko a mulkin Shugaba Muhammadu Buhari, ya sha jayayya kafin ya sa masa hannu ran 6 ga Mayu, a kan naira tiriliyan 6.06. Cikin Yuli Jibrin ya bar shugabancin kwamiti. Shi ya ce murabus ya yi, shugabannin Majalisa suka ce tuɓe shi aka yi. Ko kwana biyu ba a yi ba sai ya fito fili ya zargi manya huɗu da yin aringizo a kasafi, watau Kakaki Dogara, da mataimakinsa Yusuf Lasun, da Shugaban Marasa Rinjaye Leo Ogor, da Mai Tsawatarwa Alhassan Ado Doguwa, wanda shi ne maƙwabcinsa, wakilin Tudun Wada da Doguwa. Ya ce sun nemi keɓe wa kansu biliyan 40 daga cikin biliyan 100 ɗin nan, ya ce kuma waɗansu shugabannin kwamiti sun cusa ayyuka wajen 2,000. Ya kai ƙara wurin EFCC da 'yan sanda. Dukansu huɗu suka musa. Dogara ya tsaya a kan cewa gyaran kasafi aikin Majalisa ne, ba laifi ba ne a doka. Abokan gabarsa kuma suka juyo da zargi kansa, suka ce ya tara wa mazaɓarsa ayyukan fiye da naira biliyan 4, suka ce me ya hana shi magana sai da kujera ta kuɓuce masa?

Ran 28 ga Satumba 2016 Majalisa ta dakatar da shi kwana 180 na zama, a kan ya zubar mata da mutunci. Da ya ke kwana uku kaɗai Majalisa kan zauna a mako, ga kuma hutu, sai wa'adin ya miƙe. Bai koma kujerarsa ba sai cikin Maris 2018, bayan ya rubuta takardar neman afuwa. Nan ne horon ya wuce kan mai shi. Kusan shekara ɗaya da rabi manomin Ƙiru da ɗan kasuwar Bebeji ba su da mai tashi ya yi magana da bakinsu, har aka zartar da kasafin 2017 ba da wakilinsu ba, alhali ba abin da suka yi. Cikin Mayu 2018 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa wa tsarin mulki, ta ce a biya shi albashinsa. Amma kwanakin da mazaɓa ta rasa ba mai mayar mata da su. Zargin aringizo kuwa, ba wanda kotu ta kama da laifi a kansa.

Siyasa ba ta da gaba ta dindindin. Cikin 2019 Jibrin ne ya jagoranci neman ƙuri'a wa Gbajabiamila, wanda ya taimaka aka kayar shekara huɗu baya, har ya zama Kakaki. Doguwa kuma ya zama Shugaban Masu Rinjaye. Cikin Nuwamba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen maƙwabtan nan biyu, aka sake ran 25 ga Janairu 2020. Doguwa ya koma kujerarsa, Jibrin ya faɗi a hannun Ali Datti Yako na PDP. Cikin 2022 ya bi Kwankwaso zuwa NNPP, ya karɓo kujerarsa a zaɓen 2023, sa'an nan cikin 2025 ya rabu da ita ya koma APC.

Mutane sun rabu biyu a kansa. Waɗansu suna ganin jarumi ne da ya buɗe tukunyar da kowa ke rufewa, waɗansu suna ganin faɗan rabo ne kurum. Ko wanne ne gaskiya, rigimarsa ta bar abu biyu. Ta sa kalmar aringizo ta shiga bakin talakawa, har mai sauraron rediyo a ƙauye ya san ana iya rubuta rijiya da sunan garinsu cikin kasafi, ya kuma san yana da ikon tambayar inda ta ke. Ta kuma sa kotu ta tuna wa Majalisa cewa kujerar wakili ba tata ba ce, ba kuma ta wanda ke zaune a kai ba ce, amanar waɗanda suka jefa ƙuri'a ce. Iyakar ikon Majalisa a kan kasafi dai ba a shata ta a rigimar 2016 ba, shi ya sa zancen aringizo ya yi ta sake tasowa a shekarun da suka biyo baya.