Mayun Salem: abin da fim ya nuna da abin da tarihi ya rubuta

Masu bibiyar fina-finan ban tsoro masu dogon zango sun san American Horror Story na tashar FX ta Amurka. Zangonsa na uku mai suna Coven, wanda aka fara haskawa a Oktoban 2013, shi nake so mu duba. Na kalli kashi 13 ɗin duka, kuma ta fuskar wasa ba a magana, Jessica Lange da Kathy Bates da Angela Bassett sun yi ƙoƙari. Ƙorafina a kan tarihi yake.

Fim ɗin ya yarda cewa waɗanda aka kashe a garin Salem ba mayu ba ne, amma ya ce mayun gaske suna nan, wayo suka yi suka gudu New Orleans. Wato maita gaskiya ce, kuskuren kamu kawai aka yi. To ga abin da ya faru.

A farkon 1692, a ƙauyen Salem da ke Massachusetts, 'yar malamin coci Samuel Parris mai shekara 9 da wata 'yar uwarta da ke gidan suka fara faɗuwa suna ihu da fizge-fizge. Likita ya kasa gane ciwon, sai ya ce hannun mayu ne. Mata uku aka fara nunawa: Tituba, baiwar gidan, Sarah Good, mabaraciya, da Sarah Osborne, mara lafiya da ta daɗe ba ta zuwa coci. Ku lura, dukkansu marasa gata ne.

Kotun da aka kafa ta karɓi shaidar da babu mai iya tantancewa. Yarinya ta ce kurwar wance ta zo da dare ta shaƙe ta, shi ke nan an samu hujja. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu sai ya tsira da ransa, wanda ya ce sharri ake masa sai a rataye shi. Kafin Gwamna William Phips ya rushe kotun a Oktoban shekarar, an rataye mutum 19, an danne dattijo Giles Corey da duwatsu har ya mutu, wasu sun rasu a kurkuku. Fiye da mutum 200 aka zarga. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya nemi gafara a bainar jama'a, a 1711 hukuma ta biya diyya. Ita kuwa Tituba, wadda fim ɗin ya mayar tushen tsafin mayun, fiye da shekara ta yi a tsare don maigidanta ya ƙi biyan kuɗin fitar da ita.

A New Orleans ɗin da fim ya kai mu, akwai wata mata ta gaske, Delphine LaLaurie, attajira mai bayi. Ranar 10 ga Afrilu 1834 gobara ta tashi a gidanta da ke titin Royal, masu kai ɗauki suka ɓalle ƙofa suka tarar da bayi a ɗaure, an azabtar da su. Mutanen gari suka farfasa gidan. A fim, Marie Laveau mai tsafin vudu ta kama ta, ta binne ta da rai. A zahiri LaLaurie ta tsere zuwa Faris, can ta ƙare rayuwarta ba tare da kotu ta hukunta ta kan wannan ta'asa ba.

Kun ga yadda aka juya abin? Baiwar da aka zalunta an laƙaba mata maita, azzalumar da ta sha kuma an ƙirƙira mata hukunci don hankalin mai kallo ya kwanta.

Wani zai ce ai fim ne, nishaɗi ne. Na yarda. Amma mu nan maganar ba nishaɗi ba ce. Har yau yaro zai yi zazzaɓi mai zafi ya kira sunan wata tsohuwa cikin sambatu, kafin a ankara an taru a ƙofar gidanta, a ce ta kama masa kurwa, sai ta fito ta tsallake shi. Wata a dake ta, wata a ƙone mata ɗaki, jikokinta su rasa masu aure. Kuma ba a taɓa nuna matar mai kuɗi, sai gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana sa suma da sambatu, sanƙarau ma haka. Dokar laifuka ta Najeriya ma ta haramta jifan mutum da maita.

Wanda ke son kallon Coven ya kalla. Amma idan yaro ya kama sunan wani a unguwarku, a fara kai shi asibiti. Mutanen Salem sai da suka binne mutum 20 kafin su gane haka. Allah ya kyauta.