BABI NA BIYU: TARIHIN SHAN MAGUNGUNAN KASHE ZAFIN CIWO BA BISA ƘA'IDA BA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa, za a waiwayi tarihin magungunan kashe zafin ciwo dangin ofiyom, musamman kodin da tiramadol, waɗanda aka yi domin marasa lafiya amma suka koma kayan maye a ƙasar Hausa. Za a duba asalinsu, da yaɗuwarsu a Nijeriya, da matakan hukuma, da kuma tarihin yi wa mashaya magani. Abin da ake son nunawa shi ne, duk lokacin da aka toshe hanyar wata ƙwaya ba tare da an yi wa mashayinta magani ba, sai ya koma ga wata.

2.1 Asalin Magungunan

Ofiyom wani ƙaro ne da ake tatsa daga jikin wani tsiro da aka fi nomawa a nahiyar Asiya. Wajen shekarar 1805 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace sinadarin mofin daga cikinsa. A 1832 kuma wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya fitar da kodin. A 1898 kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hiroyin a matsayin maganin tari, bisa zaton ba ya kama mutum kamar mofin. Ba a daɗe ba aka gane wannan zato kuskure ne.

Irin wannan zato ya sha maimaituwa. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa tiramadol a 1962, ya kai shi kasuwa a 1977, aka kuma ɗauke shi a matsayin magani mai ƙarancin haɗari. A Amurka ma, kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996 yana mai cewa da wuya ya kama mai shan sa. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudarar jama'a, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600.

Dalilin da ya sa waɗannan magunguna ke kama mutum shi ne, bayan dusashe zafin ciwo suna saukar masa da wani irin nishaɗi. Idan aka jima ana sha sai jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai an ƙara. Ranar da mashayi ya rasa kuwa, sai ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci su taso masa. Hausawa na cewa sabo turken wawa, to amma a nan turken a cikin jiki yake. Bugu da ƙari, idan shan ya wuce kima numfashi kan tsaya, tiramadol kuma kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

2.2 Yaɗuwarsu a Nijeriya

A ƙa'ida ba a sayar da waɗannan magunguna sai da takardar likita. Amma a aikace an riƙa samun su a kemis da tashoshin mota da hannun masu yawo da magani a kasuwannin ƙauye. Tiramadol ya sami karɓuwa wajen masu aikin ƙarfi, kamar lebura da manomi da ɗan acaɓa, domin su yini suna aiki ba su ji gajiya ba. Yawancinsa daga Indiya ake shigo da shi ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome, daga nan ya hauro Arewa har ya tsallaka Nijar. Wanda hukuma ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma na fasa-ƙwauri yakan kai 200 ko 225. Shi kuwa kodin a cikin maganin tari na ruwa yake zuwa, shi ya sa ya shiga gidaje da makarantu ba tare da an tsargu ba.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna girman matsalar. An kiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu, miliyan 4.6 dangin ofiyom na asibiti suka sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Haka kuma, ɗaya daga cikin kowane mashaya huɗu mace ce.

2.3 Matakan Hukuma

An kafa hukumar NDLEA a 1989, aka kuma kafa NAFDAC a 1993. Sai dai babban mataki a kan kodin bai zo ba sai ranar 1 ga Mayu, 2018, lokacin da Ministan Lafiya, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wannan ya biyo bayan wani shirin bincike na BBC da ya bankaɗo yadda ake karkatar da maganin zuwa kasuwar bayan fage. A shekarar ce kuma Indiya ta sanya tiramadol cikin dokarta ta kayan maye.

Matakan sun rage yawan kayan a fili, amma ba su warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba. Bayan 'yan shekaru sai wasu ƙwayoyi masu haɗin tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma. A 2025 wani binciken BBC ya sake bin sawunsu zuwa Indiya, gwamnatin ƙasar ta hana haɗa su. Wato dai an kashe maciji ba a sare kansa ba.

2.4 Tarihin Magani

Likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, su ne a 1965 suka nuna cewa idan aka riƙa ba mashayi awon maganin metadon kullum a ƙarƙashin kulawa, ƙishirwar ƙwaya na kwantawa har ya koma sana'arsa. Daga baya aka sami bufirenofin mai irin wannan aiki, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya su biyun cikin jerin magungunan da suka wajaba kowace ƙasa ta tanada. Akwai kuma nalokzon, wanda ke farfaɗo da numfashin wanda ya sha ya wuce kima.

A Nijeriya asibitocin masu taɓin hankali ne suka ɗauki wannan nauyi, irin su na Aro a Abeokuta, da na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato. Amma binciken 2019 ya nuna tsadar magani da tsoron tsangwama na hana mabuƙata zuwa. Wannan giɓi ne ya sa iyaye da dama suka koma ga gidajen mari, inda al'ada ta saba kai kangararrun yara. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kuɓutar da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Mari na iya raba mutum da ƙwaya na wasu watanni, amma ba ya kashe ƙishirwarta. Hasali ma, wanda ya fito ya koma ga awonsa na da yana cikin haɗarin mutuwa, domin jikinsa ya daina jure wannan awo.

2.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda tun daga hiroyin har zuwa tiramadol aka riƙa gabatar da sabon magani da sunan ya fi na baya aminci. An kuma ga cewa a Nijeriya ƙarfin hukuma ya fi karkata ga kame da hani, alhali sha'anin magani na baya. Babi na gaba zai dubi matsayin mashayi a idon Bahaushe, da yadda wannan matsayi ke shafar neman magani.