Hoton MRI da Ciwon da Ya Ƙi Tafiya Bayan Tiyatar Faifan Ƙashin Baya

Tsakure

Maƙalar ta auna hujjar da ake kafawa wajen sake yi wa majiyyaci tiyata idan ciwon baya da na ƙafa suka ci gaba bayan an cire masa faifan da ya zame. Matsayarta ita ce hoton MRI shi kaɗai ba ya nuna musabbabin irin wannan ciwo, don haka bai isa ya mayar da mutum ɗakin tiyata ba.

Gabatarwa

Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai na guringuntsi, mai tauri daga waje, mai laushi daga ciki. Idan bangonsa ya tsage, abin da ke ciki ya ɓullo ya danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa, sai ciwo ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya, wani lokaci har tafin ƙafa. Tun 1934, lokacin da Mixter da Barr suka bayyana wannan a Boston, maganin tiyata bai sauya manufa ba: likita ya tsaga ɗan wuri, ya kawar da jijiyar gefe, ya tsinto guntun da ya fito. Yawancin majiyyata suna samun sauƙin ƙafa. Wasu kuwa sukan dawo bayan watanni, suna cewa ƙugu ya riƙe, ƙafa tana zugi ko tana bacci. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki sabon hoto, a ga tabo ko ragowar faifai, a nuna da biro a ce ga mai laifi.

Bitar ayyukan da suka gabata

An daɗe da sanin cewa hoton baya yana nuna lahani ga mai ƙoshin lafiya. A 1994 Jensen da abokan aikinsa suka ɗauki hoton mutum 98 da ba sa jin ciwon baya, suka sami kumburin faifai a kashi 52 cikin 100, da faifan da ya turo waje a kashi 27. Babu mai jayayya da wannan. Aikin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na Ross da abokansa na 1996, wanda ya ba da rahoton cewa masu tabo mai yawa a kewayen jijiya sun ninka sauran fiye da sau uku wajen dawowar ciwon ƙafa. Daga nan ra'ayin cewa tabo ne tushen matsalar ya samu gindin zama. Sai dai binciken wani ɓangare ne na gwajin wani sinadari da aka ƙera don rage tabo, wato an shiga aikin da zaton amsar tun farko. Kuma ko an yarda da lissafin, ya nuna haɗuwar abu biyu ne kawai. Bai nuna cewa kankare tabon zai kawar da ciwon ba, alhali kowace sabuwar tsaga tana barin nata tabon.

Hanyar bincike

An taƙaita ga gwaje-gwajen da aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a, da binciken da suka bi sawunsu, daga 2005 zuwa 2022. Ba a tattara sababbin majiyyata ba.

Sakamako da tattaunawa

Hujja mafi nauyi ta fito daga Leiden ta ƙasar Holan. A 2007 Peul da abokansa suka wallafa gwajin mutum 283 masu ciwon jijiyar ƙafa na mako 6 zuwa 12, inda aka yi wa rabi tiyata da wuri, rabi kuma aka jinkirta. Na farko sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara guda rukunan biyu sun yi kunnen doki. A 2013 el Barzouhi ya jagoranci duba hotunan da aka sake ɗaukar waɗannan mutane a ƙarshen shekarar, mutum 267, kuma masu karanta hotunan ba su san wa ya warke wa yake jinya ba. Kashi 84 cikin 100 sun ce sun warke ko sun kusa. An ga faifan da ya zame a hoton kashi 35 na waɗanda suka warke, da kashi 33 na waɗanda ba su warke ba. Idan aka juya lissafin, kashi 85 na masu zamammen faifai a hoto sun warke, masu tsaftataccen hoto kuwa kashi 83. Ma'aunin da ke gwada iyawar hoto wajen bambance rukunan biyu ya tsaya a 0.48, alhali 0.5 shi ne matsayin canki-canka.

Ma'anar wannan a ɗakin duba marasa lafiya a bayyane take. Idan aka ɗora wa likita hotuna biyu a kan allon haske, ɗaya na wanda ya koma aikinsa, ɗaya na wanda ba ya iya ruku'u sai ya dafa bango, ba zai iya cewa wane ne wane ba. To da wace hujja zai ce wa na biyun abin da ke hotonsa ne ke sa shi ciwo, bayan ga irinsa a jikin wanda ya warke? Yawancin waɗanda aka yi wa tiyata a wannan binciken suna da tabo, kuma tabon bai raba mai ciwo da marar ciwo ba. Jijiyar da ta daɗe a danne tana iya ci gaba da aika saƙon zugi bayan an ɗauke abin da ya danne ta, tsokokin baya suna raunana da dogon kwanciya, tsoron motsi kuma yana ƙara sandarar da jiki. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke fitowa a hoto.

Za a iya cewa wannan ya raunana hoto ne kawai, bai raunana tiyata ta biyu ba. Amsar tana wurin Brox da abokansa a ƙasar Nowe, 2006. Sun raba mutum 60 masu ciwon baya bayan tiyatar faifai: wasu aka haɗe musu ƙasusuwan da ƙarfe, wasu aka yi musu bayani cewa motsi ba zai lalata bayansu ba, aka sa su atisaye na mako uku. Bayan shekara, an ƙidaya nasara ga kashi 50 na masu ƙarfe da kashi 48 na masu atisaye. Babban aiki mai tsada da haɗari bai fi magana da motsa jiki ba. Bitar Cochrane ta 2014 ta ƙara da cewa atisayen da aka fara mako 4 zuwa 6 bayan tiyata yana gaggauta raguwar ciwo, kuma ba a ga yana ƙara yawan komawa tiyata ba.

Sauran hanyoyin ba su da abin kirki da za su nuna. Na'urar lantarki da ake dasawa kusa da laka ta yi fice a gwajin North na 2005, amma da Hara ya gwada ta da na'urar da aka kashe a 2022, cikin mutum 50 da ba su san wacce ke aiki ba, bambancin ya ɓace. Maganin pregabalin bai fi ƙwayar banza ba ga ciwon jijiyar ƙafa a gwajin Ostareliya na 2017, sai ƙarin jiri. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin majiyyacin da aka sallama ba tare da tsarin gashi da atisaye ba, kemis zai nufa, a Najeriya, ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba.

Hoto yana da hurumi, amma alamomin jiki ne ke kiransa: riƙewar fitsari ko zubarsa, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ƙafar da ke ƙara rauni, zazzaɓi, ko ciwon ƙafa da ya tafi sarai sannan ya dawo kwatsam ta hanyar da ya bi da farko. A nan faifai yana iya sake zamewa da gaske, kuma jinkiri ɓarna ne.

Iyakokin bincike

Dole a amsa cewa gwaje-gwajen ƙanana ne, duban hotunan Leiden ya tsaya a shekara guda, kuma an haɗa waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda ba a yi wa ba. An yi su a Turai da Amurka da Ostareliya, babu manomin da ke yini a duƙe da fartanya ko ɗan acaɓan da ke bin hanya mai gargada a cikinsu. Wannan yana iya sauya irin atisayen da ya dace, amma da wuya ya sauya abin da na'ura ke iya gani. Bambanci ɗaya da ya kamata likita a Kano ko Maraɗi ya riƙe shi ne tarin fuka na ƙashin baya: mai ciwon da ke tare da rama da gumin dare a ɗauke shi hoto ba tare da jira ba.